Wa Ke Cin Ƙwan Filgona?

Filgona Adoyo ta haura shekara saba'in a duniya, ba ta taɓa zama gidan da babu kazarta ba, kuma ba ta taɓa sa ƙwai a bakinta ba. Mu nan bakin tafki wannan ba abin labari ba ne. Matan zamaninta haka suka tashi: kaza ta mace ce wajen kiwo, ta namiji ce wajen ci. Tana yarinya a Sakwa uwarta ta ja mata kunne, ta ce ɗiya mace ba ta cin ƙwai, ba ta kuma faɗa mata abin da zai faru in ta ci ba. Ita ma ba ta tambaya ba. Wa ke tambaya a lokacin? Ta dai san abin da kowa ya sani, cewa wanda ya taka al'ada ba lalle shi abin zai kama ba, sai dai a ga ɗansa yana ta ramewa, ba zazzaɓi ba ciwon kai, har a rasa shi.

Da kaza ɗaya a kwando aka kawo ta gari, gidan Ragwar, mai aikin inji a jirgin ruwan da ke ƙetare tafki. Tun ranar sunanta ya ɓace, ta koma Nyar Sakwa, wato 'yar Sakwa, yadda ake kiran kowace matar aure da garin ubanta. Ɗaki biyu ne a layin ma'aikata, da ɗan fili a baya wanda in ka shanya zane uku ya cika. A nan ta kafa akurki. Ragwar mutum ne mai son ƙwai kamar me, in jirgi ya dawo kafin ya cire takalmi sai ya tambayi abin da kaji suka yi. Ita ke dafawa, ita ke soyawa, ita ke ɓarewa, in yatsanta ya taɓa gwaiduwa ta goge a zane. Ta haifi maza biyu, suka tashi da bakin ubansu, sannan ta haifi mace, Apondi.

Ragwar ya rasu. Mazan suka watse biranen nesa, sai waya ranar Kirsimeti. Apondi ta zama ma'aikaciyar jinya a wani gari mai tafiyar yini guda. Gida ya rage daga Filgona sai kaji, su kuwa kaji ba wanda ya gaya musu mai cin ƙwai ya mutu. Suka ci gaba da aikinsu.

To ƙwan nan shi ya riƙe ta a cikin mutane. Ba ta shiga gidan kowa hannu rabbana. Barka ko ta'aziyya ko dubiya, da ƙullin ƙwai take zuwa. Tsofaffin matan coci a gidanta suke addu'ar Alhamis, kuma kowacce da nata ƙullin take fita, wai na mazan gida. Babbarsu Dorsila, aminiyarta tun suna amare a layi ɗaya, mace mai baki kamar rediyo, ita kan zaɓi manya-manyan. Mai tallar ƙananan kifi in ta biyo, takan bar mata gwangwani guda ta tafi da 'yan ƙwai. Filgona ba ta taɓa kiran wannan ciniki ba. In ka cire kajin nan, gaskiya ba na jin akwai mai ƙwanƙwasa ƙofarta, ba na kuma jin akwai abin da zai tashe ta da safe. Ita ma ta san haka. Takan yi musu faɗa kamar 'ya'ya, ta kuma ba su labarin mutanen layi ɗaya bayan ɗaya.

Sai aka sayar da gidajen layin, sababbin mutane suka shigo. Gidan da ke jikin nata wani direban manyan motocin safa ya saya, Okwach, aka kuma naɗa shi shugaban kwamitin unguwa. Ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Amma mutum ne da yake kwana a kan hanya ya dawo yana neman barcin rana, kaza kuwa in ta saka ƙwai sai duniya ta ji. Ga ƙuda. Ga ganyen da matarsa ta shuka, kajin Filgona suka bi ta ƙarƙashin shinge suka yi masa aski tas. Ya yi magana da ladabi, ya sake yi, Filgona ta aika masa da ƙwai don ba da haƙuri, abin ya ƙara tunzura shi. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa nan gari ne ba ƙauye ba, kowa ya kawar da kajinsa.

Ana cikin haka hukumar gari ta fito da doka a kan kaji. Daga nan kan Filgona ya ɗaure, bai kuma sake kwancewa ba.

Fasto ya faɗa a coci cewa dokar ta masu kaji ce, ta zo ta kare su, a gode wa Allah. Dorsila ta rantse cewa ƙarya ne, gwamnati ba ta taɓa kare abin da ba za ta ci ba, ƙirga kajin za a yi a kwashe. A kasuwa aka ce kowace kaza sai an yi mata kati da hoto. Wani ya ce ai kazar da doka ta kare ba a yanka ta, in ka yanka kai da kotu. Filgona ta yi ta juya abin a ranta. Kare ta daga wa? In daga Okwach ne, to ai shi ma da dokarsa ta kwamiti, wace ce babba? In kuma daga shaho ne, tana so ta ga ma'aikacin da zai zauna gadin. Da ƙyar Apondi ta warware mata ta waya: kowa yana da ikon kiwon 'yan kaji a bayan gidansa don ƙwan da mutanen gidan za su ci, ba kwamiti ko mai gidan haya da zai hana shi. Amma banda zakara, banda kasuwanci, kuma a killace su.

Banda zakara! Ta ce wane irin gida ne ba zakara, wa zai gaya wa gari ya waye? Amma ta bi. Ta kai wa fasto zakaran, ta sa aka toshe shinge, aka ɗaga akurki. Abin da ba ta hango ba shi ne, da zakara ya tafi kwanci ya ƙare, babu sauran 'yan tsaki, duk abin da aka saka sai kwando. Doka ta ƙara mata ƙwai ke nan, a gidan da ba mai ci.

Okwach kuwa ya samu takardar dokar ya karanta ta sosai a tasha, yana jiran fasinja. Shi ɗan ƙasar nan ne, kakarsa ta rene shi, ya san abin da baƙo ba zai sani ba. Ya je ofis ya shigar da ƙara.

Wadda aka turo wata matashiya ce, Madam Mwikali, daga can gabashin ƙasa, ba ta jin harshenmu sai na kasuwa. Ta duba akurki ta yaba tsabtarsa. Ta leƙa ko'ina ba ta ga zakara ba. Har ta fara rufe jakarta, sai ta tuna abin da mai ƙara ya ce ta tambaya, ta ce, "Mama, su wa ke cin ƙwan a gidan nan?"

"Ba kowa, 'yata."

"Ba kowa kamar yaya? Ke fa?"

"Ni mace ce."

Mwikali ta ce ita ma ai mace ce, kuma da safen nan ta ci biyu. Filgona ta dube ta sama da ƙasa, ta tambaye ta ko tana da 'ya'ya, ko lafiyarsu ƙalau. Mwikali ta ɗauka gaisuwa ce, ta ce lafiya lau. Suka yi ta kallon juna, kowacce na ganin ɗayar ba ta da cikakken hankali. Mwikali ta sake gwadawa: to ina ƙwan ke zuwa? Filgona ta lissafa mata da alfahari, har da mai kifi. Kai, da ta yi shiru a kan mai kifin! Yarinya ta dafe goshi, ta ce dokar ta ƙwan ci a gida ce. In ba mai ci a gida, ƙwai kuma yana fita kifi yana shigowa, to ita ba ta san sunan da za ta ba wannan ba, mai ƙara dai kasuwanci ya kira shi. In kasuwanci ne, doka ta janye hannunta, hukuncin kwamiti ya hau, kaji sai su tafi. Ta ce za a yi maganar a taron mai unguwa mai zuwa, a gaban kowa.

Filgona ta bi ta har bakin hanya tana tambaya. Shin dokar ba tata ba ce? Tata ce. To me ya sa za ta kwashe mata kaji? Ba dokar za ta kwashe ba, kwamiti ne. To dokar tana ina lokacin da kwamiti zai kwashe? Mwikali ta hau babur ta tafi.

Shawara kam ta sha ta. Dorsila ta ce abu mai sauƙi ne, ta samo namiji ta ajiye. Akwai wani ƙanen Ragwar a ƙauye da haƙoransa suka zube, ƙwai ne ma daidai bakinsa, ya gaje ta ta zama matarsa bisa al'ada, a huta. Filgona ta ce Allah ya kiyaye, ta gama wanke wandon namiji a duniya. Fasto ya ce a wurin Ubangiji babu abinci mai ƙazanta, ya karanta mata aya. Ta ce ta yarda da ayar, amma ayar ba ta san uwarta ba. Apondi ta ɗauki hutu ta zo, ta ce a rubuta sunanta cikin mutanen gida, aka ce ba ta kwana a nan. Sai ta ce, "Mama, ki ce kawai kina ci. Wa zai leƙa cikinki?"

Nan Filgona ta hau faɗa. Ta ce a gaban matan cocin da suka san ta tun tana amarya za ta tashi ta yi ƙarya? A kan kaza? Apondi ta ce to a bar kajin su tafi, ta koma wurinta da zama. Filgona ta fita bayan gida ta zauna a kan turmi. Tsoro take ji iri biyu, ta rasa wanda ya fi. In kaji suka tafi, ta san abin da zai same ta. In ta ci ƙwai, ba ta san abin da zai samu 'ya'yanta ba, har da waɗanda ba su kira sai Kirsimeti. Sai a yanzu, da furfura, take jin haushin uwarta da ba ta ƙarasa maganar ba.

Ranar taro da safe ta dafa ƙwai guda ta ƙulle a bakin zane. Apondi ta gani ta tambaye ta na mene ne. Ta ce ita ma ba ta sani ba.

A gindin mangwaron ofishin mai unguwa aka taru. Aka gama maganar kwata da ta ɓarayin waya, aka zo kan kaji. Tsofaffin matan coci suka jeru a benci guda da fararen ɗankwalayensu, Dorsila a tsakiya. Okwach ya miƙe, ya gaida manya, ya ce shi Nyar Sakwa uwa ce a wurinsa, ba ya son ganin hawayenta, barci kawai yake nema. Ya ce doka ta ce ƙwan ci a gida, gidan nan kuwa mutum ɗaya ce, kuma duk wanda ya sha nonon ƙasar nan ya san matan zamaninta ba su ci. Ya juya wajen benci ya ce ga iyayenmu nan, su faɗa in ƙarya yake. Iyaye suka sunkuyar da kai, ba wadda ta ce uffan. Filgona ta ɗauka kunya ce ta hana su.

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce al'ada gaskiya ce, doka ma gaskiya ce, shi dai ba ya tsakani. Mwikali ta ce ita abin da take buƙata kaɗan ne, a nuna mata mutum ɗaya a gidan da ke cin ƙwan. In an samu, kyauta ba kasuwanci ba ce, kifin ne kawai za a bari. In ba a samu ba, ba ta da abin yi.

Filgona ta miƙe. Ba ta shirya magana ba, ba ta kuma yi ba. Ta kwance bakin zane, ta ƙwanƙwasa ƙwan a gefen teburin mai unguwa. Hannun da ya ɓare wa maza ƙwai shekara da shekaru yau ya kasa, ɓawon yana tafiya da nama. Apondi ta taso, uwar ta ɗaga mata hannu ta koma. A zuciyarta ta kira sunayen 'ya'yanta uku, ta roƙi Allah in abin zai kama wani ya kama ta. Ta runtse ido ta tura rabi a baki.

Gwaiduwa ta maƙale mata a wuya. Ta hau tari, ido ya kawo ruwa, ta rasa haɗiyewa ta rasa tofarwa.

"Ku ba ta ruwa mana!" in ji Dorsila daga benci. "Ke ma Nyar Sakwa, wa ke cin sa haka gaba ɗaya? Kaɗan-kaɗan ake gutsura, da ɗan gishiri."

Ta kusa da ita ta ce ai dahuwar ce ta yi yawa, in an tsame shi da wuri ba ya shaƙe mutum. Ta ukun ta ce ita shi ya sa ta fi son soyayye da albasa. Sai da maganar ta fita suka ji abin da suka faɗa. Wata ta hau gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Wani daga baya ya fara dariya, sai taro ya ɗauka. Okwach ya tsaya baki sake yana kallon iyayen da ya kafa shaida da su, can shi ma ya fashe, ya ce shi ke nan, ya janye, a bar masa dai ganyen matarsa. Mwikali, wadda har yanzu ba ta gane abin dariyar ba, ta ce ta ga mai ci da idonta, kaji suna nan, ba mai taɓa su. Aka tafa. Filgona ta sha ruwa, ta cinye sauran rabin a tsaye, don ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

A hanyar gida ta ƙi kallon kowa. Dorsila ta biyo ta tana jan ƙafa, bakin nan ya mutu. Sai da suka wuce famfo Filgona ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun cikina na fari. Kwaɗayi ya kama ni, na ci a bayan ɗaki, na jira mutuwa ba ta zo ba."

"Sauran fa?"

"Duk mu, 'yar uwa. Kowacce da ranar da ta fara."

"Mazan gida da kuke kai wa?"

"Haba Nyar Sakwa. Waɗanne maza? Ke kika yi mana girkin makokinsu."

Filgona ta tsaya cak. Ta tambaye ta me ya sa ba wadda ta taɓa gaya mata. Dorsila ta ce wa zai iya? Ita ce fa wadda surukai ke nuna musu a ce ku dubi Nyar Sakwa. Sannan ta ƙara da cewa, kuma da ta sani, ai da ta rage musu ƙulli. Ta so a yi dariya. Ba a yi ba, ta juya ta nufi gidanta.

Suka rage ita da Apondi. Filgona tana tafe tana sauraron jikinta, tana jiran wani abu ya motsa, ba abin da ya motsa. Ɗanɗanon yana nan a harshenta, kuma abin da ya fi ba ta haushi, da daɗi. Ta saci kallon 'yarta, 'yar ƙaramar mace da ko kafaɗar yayyenta ba ta kai ba. Sai ga wata shekara ta dawo mata, shekarar da jirgi ya tsaya ba albashi, ƙyanda ta kwantar da Apondi ta tashi kamar tsinke. Malamar asibiti ta ce a riƙa ba yarinyar ƙwai. Filgona ta ce to, ta dawo gida ta rataye kwandon can sama inda hannun yarinya ba zai kai ba, tana wucewa da faranti ta gabanta zuwa wurin uban da yayyen. Don ta tsare ta ta yi.

A ƙofar gida ta ce, "Ke ma kina ci?"

"Tun ina makarantar kwana, Mama."

"Amma shekarar ƙyanda ba ki ci ba."

Apondi ta daɗe tana neman makulli a jaka. "A'a," ta ce. "Na dai riƙa jin ƙanshin."

Kajin sun ji muryarta, suka taso bakin wayar akurki suna tsalle, lokacin dusarsu ya wuce. Nata ne, hukuma ta faɗa a gaban kowa. Filgona ta ɗauko kwanon dusa ta tsaya da shi a hannu, baƙin ciki ya cika mata ƙirji irin wanda ko ranar da aka binne Ragwar ba ta ji ba, ta kuma rasa wanda za ta yi fushi da shi. Apondi ce ta karɓi kwanon ta zuba musu.